Littafin da Irek Sobala Ya Sa a Layin Farko

Irek Sobala bai taɓa iya kaɗa komai ba. Mun ba shi gita, ya tsinka igiya biyu a yini ɗaya. Muka zaunar da shi a gaban ganga, abokinmu Mietek ya ce sautin kamar ana juye dankali a bokitin ƙarfe. Amma duk wanda ya yi zamanin kiɗan pank a garinmu, in ka tambaye shi wa ya fi kowa sanin abin, Irek zai ce maka, ko da zai tofar da yawu bayan ya ambaci sunan.

An haife shi a 1963, a layin gidajen jan bulo da ke bayan ramin kwal, inda aka haife mu duka. Ni sunana Bogna. Ƙofarmu tana kallon tasu, aji ɗaya muka yi tun daga firamare. Ubansa ya shekara ashirin da shida yana shiga ƙarƙashin ƙasa, uwarsa kuma asma ta hana ta sakat, tarinta har cikin ɗakinmu muke ji. Irek siriri ne, mai manyan kunnuwa, ba ya ƙwallo, ba ya faɗa. Ba wanda ya damu da shi sai da ya kai shekara goma sha bakwai, kawunsa da ya tsere Jamus ta Yamma ya aiko masa da rikoda.

Da wannan rikodar ya kama mana pank daga tashoshin rediyon waje da gwamnati ke toshewa. Kiɗa ne mai sauri da hayaniya, waƙa ɗaya ba ta kai minti biyu, mawaƙin yana ihu kamar an taka masa ƙafa, ba ma jin ko kalma ɗaya ta Turancin. Ba mu buƙaci fassara ba. A lokacin ana bin layin awa uku kafin a sami man shanu, sojoji suna tsaye a bakin ramin kwal, iyayenmu suna magana ƙasa-ƙasa a cikin gidajensu. Sai ga wasu yara a Ingila suna ihu yadda suke so. Muka ce mu ma za mu iya.

Mietek Gola, wanda ke koyon walda, shi ne mawaƙinmu. Olek yana kan ganga, ni ina riƙe da babbar gita. Muka sa wa kanmu suna Jiƙaƙƙen Gawayi. Muna tsayar da gashi da ruwan sukari, ƙudaje na bin mu duk bazara. Irek kuwa aikinsa ɗaya: duk inda muka yi wasa yana tsakiyar taro, ya ɗaga rikoda sama da hannu biyu har a gama, ana ture shi, ana zuba masa giya a wuya, ba ya saukewa. Washegari ya kwafa wa mutane. Yana kuma buga wata 'yar jarida a tafiretan yayar mahaifiyarsa, da takardar kabon, kwafi shida-shida, na shidan sai ka kai shi bakin taga kafin ka karanta.

A watan Maris na 1984 aka ba mu zauren ƙungiyar ma'aikata, ranar Lahadi da ƙarfe huɗu na yamma. Doka ce sai an kai kalmomin waƙa ofishin tacewa an buga musu hatimi. Mietek ya kai musu waƙa a kan muhimmancin wanke hannu kafin cin abinci, suka buga. Da ya hau dandamali sai ya rera wata daban, a kan ma'aikatan kwal da aka harbe a hunturun dokar soja. Yara kusan ɗari biyu suka amsa masa. Mai kula da zauren ya kashe wuta, Mietek ya ƙarasa ba lasifika.

Bayan kwana uku aka kwashe mu. Ni yini ɗaya na yi, wata 'yar sanda ta aske min kai da almakashin ofis ta ce in je in nuna wa uwata. Irek ya yi kwana biyu. Mietek bai fito ba. A kotu suka kunna kaset ɗin wasan, muryarsa ta cika ɗakin, alƙali yana ta rubutu. Duk mun ɗauka lokacin da suka binciki gidan su Irek ne suka same shi. Aka ba Mietek shekara biyu da rabi.

Ya fito ba haƙoran gaba, hannunsa na dama yana rawa, ba zai iya riƙe abin walda ba. Bai sake waƙa ba, bai kuma taɓa gaya mana abin da aka yi masa a ciki ba. Barasa ya kama. Mu duka mun gaji da shi, gaskiya ke nan, har ni. Olek ya yi aure ya daina buɗe masa ƙofa. Irek ne kaɗai yake kai masa miyar kabeji a kwano, yana ɗauko shi daga bakin shaguna, yana wanke masa wando. A watan Fabrairu na 1991 masu sharar titi suka tarar da Mietek a zaune a tashar bas da safe, ba rai, ƙanƙara ta kama masa gashin baki. Shekarunsa ashirin da tara. Irek ne a gaba wajen ɗaukar akwatin, kuma a bakin kabari yayar Mietek, Wiesia, ta riƙe fuskar Irek da hannu biyu ta ce, "Kai kaɗai ne ɗan'uwansa."

A lokacin tsohuwar gwamnati ta faɗi, ana rufe ramukan kwal ɗaya bayan ɗaya. Na kama aiki a gidan burodi, inda na yi shekara talatin. Irek ya karɓi wani shagon gyaran takalmi a tsohuwar kasuwa ya mai da shi wurin hayar kaset ɗin bidiyo. Finafinan duka da harbi ne a gaba, su ke ciyar da shi da matarsa Jola da 'yarsu. A can ciki kuwa, bayan labule, akwai kanta biyu da ba ya bari a taɓa da hannu mai maiƙo: littattafai da finafinai a kan pank, na gida da na waje, da tsofaffin kaset ɗinsa sama da ɗari uku, da hotuna a cikin kwalayen takalmi.

A jikin bango ya manna wani babban kwali da aka ciro daga jikin sabon firji, ya rubuta jerin abin da ya kamata mutum ya karanta ko ya kalla, daga na ɗaya zuwa na talatin. Yana gogewa yana sake jerawa. Kowanne da ɗan bayaninsa a gefe. Wani littafin ɗan Ingila ya rubuta masa: hotuna masu kyau, amma marubucin kulki bai taɓa sauka a bayansa ba. Wani fim da 'yan Warsaw suka shirya a kan zamaninmu: duba haƙoran 'yan wasan, a cikinmu wa ke da irinsu? Wanda ya fi daɗewa a layin farko wani fim ne marar kala da wasu ɗalibai suka ɗauka a ɓoye a wani taron kiɗa, hoton na rawa, sautin ya lalace. Irek ya ce shi kaɗai ne ba ya ƙarya, don masu ɗaukar suna tsoro, kuma ana ganin tsoron.

In mutum ya shigo yana neman abin karatu, sai ya fara yi masa tambayoyi kamar likita.

"Me ka riga ka karanta?"

A gaya masa.

"To, ka ɓata wata biyu na rayuwarka. Ba komai, kana da saura. Karɓi wannan. Ka tsallake gabatarwar, wani farfesa ne ya rubuta, bai je wurin ba."

"Pan Irek," wato Malam Irek a harshenmu, "wancan mai jan bango fa? An ce shi ya fi."

"Wa ya ce? Kawo min shi nan. Wancan in teburinka na girgiɗi, ka saya, kaurinsa daidai ne."

Da intanet ta zo, ya kwafe jerin ya sa a can, sai ga mutane daga Katowice, daga Poznan, har daga Berlin, suna tambayar hanyar shagon a tashar jirgi. Shekarun nan su ne mafi daɗi a rayuwarsa. Ya yi ɗan tumbi. Kullum da rana nakan kai masa burodi mai zafi in na tashi aiki, mu sha shayi a kofin gilashi, ya yi ta zagin marubuta.

A 2005 wata malamar jami'a daga Krakow, Lidia Wrona, ta zo. Ba ta kai talatin da biyar ba, shiru-shiru, da littafin rubutu a hannu. Ta ce tana son rubuta tarihin pank na garuruwan kwal, don duk littattafan da ke akwai na manyan birane ne. Irek ya yi mata tambayoyinsa, ta amsa duka, har ta gyara masa shekarar wani taro. Daga ranar ya buɗe mata komai. Shekara uku tana zuwa duk wata. Ya ba ta kaset-kaset, ya ba ta jaridunsa na kabon, ya raka ta gidajen mutane, ya kai ta wurin Wiesia, ya sa ni na yi mata magana ta awa shida. Jola tana dafa mata abinci kamar 'yar gida. Ya riƙa ce min, "Bogna, wannan karon za a rubuta Mietek yadda yake."

Ya san tana zuwa ma'ajiyar da aka tara fayilolin tsofaffin 'yan sandan ciki. Shi da kansa ya ce mata littafin ba zai cika ba sai ta je.

Wata Laraba a watan Oktoba na 2008 na shiga da burodina, na tarar da ita a zaune ba ta cire kwat ba, da wani fayil a kan cinyarta. Ta dube ni ta ce, "Pani Bogna," wato Malama Bogna, "ki yi haƙuri, ko za ki ba mu wuri kaɗan?"

Irek ya ce, "Ta zauna. Wahala ce in sake maimaitawa."

Lidia ta zaro takarda uku ta ajiye a kan kanta. Ta farko an rubuta ta da hannu, kuma na san rubutun, don shekara takwas ina kwafar aikin gida daga gare shi. Alkawari ne na taimaka wa hukuma, da kwanan wata na Maris 1984, da sunan ɓoye da aka ba shi: Kunne. Ta biyu ta nuna cewa Kunne ya kawo kaset guda da kansa, kwana biyu bayan an sake shi. Ta uku jerin ranakun ganawa ne, guda bakwai, har zuwa ƙarshen 1985.

Irek ya sa tabarau ya karanta duka ukun a hankali. Ya ce, "Akwai ta takwas. Ba su rubuta ba."

Lidia ta fara kuka, shi bai yi ba. Ta ce ta yi wata biyu da sani, ta rasa yadda za ta yi. Ba za ta iya cire maganar ba, amma ba za ta sa sunansa ba, Kunne kawai za ta rubuta.

"Pani Lidia," in ji shi, "a garin nan rikoda ɗaya ce a lokacin. Ki sa Kunne, ki sa Hanci, duk ɗaya ne. Abin da nake so kawai, kada ki yi kuskuren kwanan wata. Na tsani littafi mai kuskuren kwanan wata."

Na ajiye burodin na fita. Ban san yadda na isa gida ba.

Mako biyu ban bi ta kasuwa ba. Sai ga shi wata rana a ƙofar bayan gidan burodi lokacin hutunmu. Muka zauna a benci muna kallon tudun tokar kwal da ciyawa ta fara rufewa. Ban tambaye shi komai ba, shi ya fara.

Ya ce da suka binciki gidansu ba su ga kaset ɗin ba, yana cikin tukunyar da uwarsa ke ajiye gari. Ba su dake shi ba, ko mari ɗaya. Wani kaftin ne ya zaunar da shi, ya ba shi shayi, ya karanto masa abubuwa uku: saura shekara ɗaya da wata huɗu ubansa ya kai fansho, gidan da suke ciki na ramin kwal ne, kuma sunan uwarsa na cikin jerin masu jiran gado a asibitin huhu. Ya ce masa ya je gida ya yi tunani.

"Na yi tunani kwana biyu, na ciro shi daga gari, na hure shi, na kai."

"Ganawa bakwai ɗin fa?" na ce. "Ko takwas."

Ya ce, "A wani gidan shayi muke haɗuwa da kaftin ɗin. Ba abin da yake tambaya sai kiɗa. Su wa ke tashe, me kalmomin ke nufi, wa ya kwaikwayi wa. Yana rubutawa. Bogna, a rayuwata babu wani babba da ya taɓa zama ya saurare ni awa biyu sai shi. Abin da ban iya gaya wa fada a coci ba ke nan. Nakan yi wanka in tafi. Nakan shirya abin da zan faɗa."

"Ka ambaci sunana?"

"Sau biyu. Na ce kin fi Olek kiyaye kiɗa."

Na so in yi dariya, na so in fasa masa baki. Na ce, "Miyar da ka riƙa kai wa Mietek, ta mece ce? Kuɗin kaset?"

"Ban sani ba. Na tambayi kaina. Ina son sa, wannan na sani."

"Shi Mietek ya sani?"

"Wata rana ina cire masa takalmi ya ce min, Irek, sautin kaset ɗin nan na kotu ya yi kyau, ka tsaya a wuri mai kyau. Shi ke nan abin da ya ce. Shekara ashirin ina juya maganar."

Ƙararrawar komawa aiki ta kaɗa, na tashi na bar shi a wurin.

Littafin ya fito a watan Afrilu na 2009, shafi ɗari huɗu da wani abu, da hoton Mietek a bango, baki buɗe, haƙoransa duka suna nan. Na ɗauka Irek zai rufe shago ya bar gari. Sai na ji labari ya sayo kwafi arba'in ya jera su a taga. Na je don in gani da idona. A jikin kwalin bango ya goge na ɗaya, ya rubuta littafin Lidia a wurin, a gefe kuma ya sa: mafi gaskiya da aka rubuta a kanmu, a fara da shafi na 212.

Ina tsaye wata mata da mijinta suka shigo daga wani gari, da 'yar takardar jerinsa da suka bugo daga intanet. Ya miƙa musu littafin ya ce, "Wannan za ku ɗauka. Babi na tara akwai wani Kunne. Ni ne. In kun ga ba za ku iya saya a hannuna ba, akwai shi a shagon littattafan tashar jirgi, farashi ɗaya." Suka dubi juna. Mijin ya ajiye littafin a hankali, suka fita.

Na ce, "Wannan kuma wane irin wasa ne? So kake a tafa maka?"

"Shekara goma sha bakwai ina gaya wa mutane abin da za su karanta. In na ɓoye wannan, sauran ashirin da taran ma ƙarya ne."

"Mietek ba zai tashi ba don ka sayar da littafi."

"Na sani."

Olek ya zo a makon nan. Ba na nan, Jola ce ta ba ni labari. Ya ce a ba shi duk hoton da yake ciki. Irek ya zauna ya tsince su ɗaya bayan ɗaya daga kwalaye, ya haɗa masa. Olek ya ce, "Ashe duk lokacin da kake ɗaga hannu sama a tsakiyar mutane, wa kaftin kake yi wa aiki, ɗan iska." Irek ya ce a'a, lokacin wa kansa yake yi. Olek ya kife kantar littattafan ya fita. Bayan kwana biyu aka fasa gilashin taga da rabin bulo. Irek ya sa katako a wurin, wani ya zana babban kunne a jiki da jan fenti. Bai goge ba.

Wiesia ce ba ta zo ba, kuma ita yake jira. Ya rubuta mata wasiƙa, ta dawo ba a buɗe ba. Daga ƙarshe ya je har gidanta ranar wata Asabar da hantsi, ya ce in raka shi, na tsaya a ƙasan bene. Ina jin su. Ta buɗe ƙofa iyakar sarƙa.

"Wiesia, na zo ne in..."

"Pan Sobala," ta ce, ita da take kiran sa Irus tun yana cikin zanen goyo, "uwarmu ta mutu tana sa ka a addu'a kullum. Da na sani tun tana da rai, da na hana ta. Abin da ya fi ci min rai ke nan. Sauka, kada maƙwabta su gan ka a ƙofata."

Ya sauko yana riƙe da ƙarfen bene kamar tsoho. A hanya ya ce min gara haka, ya ji tsoron kada ta ce ta yafe.

Daga nan abubuwa suka riƙa zubewa a hankali. Ba duka laifin littafin ba ne, don dama hayar bidiyo ta mutu, kowa na kallo a kwamfuta. Amma masu zuwa daga nesa ma suka ragu, waɗanda suka zo kuma ba littafi suke nema ba, shi suke son gani. Wasu 'yan talabijin suka nemi ya zauna a gaban kyamara a duhunta masa fuska, ya ce shi ba ya fim ɗin da ba zai iya sa shi a jerinsa ba. A intanet aka yi ta zaginsa, yawanci yaran da ba a haife su ba a 1984. Wasu kuma suka ce jarumi ne da ya amsa laifinsa, wannan ya fi ɓata masa rai.

Jola ta jure shekara ɗaya. Ba ta taɓa sani ba sai ranar da Lidia ta zo, kuma ta ce min ba kaset ɗin ne ya dame ta ba, shekara ashirin da biyu da ta kwana kusa da mutum yana riƙe da wannan bai ko yi magagi ba. Ta tafi wurin 'yarsu a Ireland, wai wata ɗaya za ta yi, ta taya ta renon jariri. Ba ta dawo ba. Ba su rabu a kotu ba, tana kiran sa duk Lahadi.

Ni kuwa na koma kai masa burodi, amma ba kullum ba, kuma na daina zama shan shayi. Ban yafe masa ba, ban kuma iya daina zuwa ba. Mijina ya ce in zaɓi ɗaya, na ce ya kula da harkar gabansa.

A 2011 ya rufe shagon. Ya rubuta wa gidan tarihin gari cewa zai ba su komai kyauta, kaset da hotuna da jaridu. Kwamiti ya zauna sau uku, aka ce ana dubawa. A ƙarshe Lidia ce ta zo da motar haya ta kwashe zuwa jami'arsu. Ta yi ƙiba, ta zama farfesa, littafin ya ci lambar yabo. Tana loda kwalaye tana ba shi haƙuri, har ya gaji ya ce, "Pani Lidia, kin yi aikinki da kyau. Kuskure ɗaya na gani, a shafi na tamanin kin ce gangar Olek ja ce. Koriya ce."

Ya sami aikin gadin wurin ajiye motoci a bayan wani babban kanti, yana zaune a ɗan ɗakin kwano da hita a gefen ƙafa, yana ɗaga sanda yana saukewa. Na lura ya daina karatu. Na kai masa wani sabon littafi a kan pank na ƙasar Ceko, bayan wata guda na gan shi a inda na ajiye, da ledarsa. Ya ce idanunsa ne. Kiɗa ma ya daina ji, rediyon ɗakin kullum yana kan labarin yanayi.

A kakar 2015 ɓarin jikinsa ya shanye yana bakin aiki. Wani direba ne ya gaji da yin hon ya fito ya same shi a ƙasa. Ya yi wata uku a asibiti, magana ba ta fita sai kalma ɗaya-ɗaya. Ya rasu a watan Janairu, yana da shekara hamsin da biyu. Mu tara ne a wurin binnewa, har da fada da ma'aikatan maƙabarta biyu. Jola da 'yarsu sun zo, Lidia ta aiko da furanni. Olek bai zo ba, amma ya kira ni da yamma ya tambayi ko an yi sanyi sosai a wurin, na ce an yi, ya kashe waya.

Maƙabartar garinmu ɗaya ce. Tsakanin kabarin Mietek da na Irek layi huɗu ne. Ranar ɗaya ga Nuwamba, da kowa ke zuwa kunna wa mamatansa kyandir, nakan fara da iyayena, in je wurin Mietek, sannan in zagaya ta bayan famfo in je wurin Irek, don nasa ba mai zuwa. Shekara biyu ina yin haka ba wanda ya lura. A ta uku na miƙe daga durƙuso na ga Wiesia a tsaye da bokitin ruwa tana kallona. Ta koma kabarin ƙaninta, ta ɗauke kyandir ɗin da na kunna masa, ta ajiye shi a kan hanya.

Tun daga ranar ba ta sake amsa gaisuwata ba. Yanzu mu biyun mun tsufa, likitan ƙafa ɗaya muke gani, wani lokaci mukan zauna a benci ɗaya muna jiran a kira mu.